Gidan Da Aka Rushe Kafin Takarda

Tunda ka fara karɓar aikin gini da sunanka, zauna in ba ka misali da wani ɗan kwangila. Ba zan kama suna ba, yana nan da ransa.

Mutumin ya iya aiki, wannan babu ja. In ya tayar da bango, duk ƙwaƙwarka ba za ka ga karkata ba. Aibinsa ɗaya ne: yana da aboki a ofishin da ke ba da izinin gini, don haka bai taɓa bin layi ba. Sai ranar da zai haƙa harsashi yake leƙawa, a gaisa, a yi raha, kafin la'asar takarda ta fito. Ana nan sai wani ɗan kasuwa mazaunin Kudu ya ba shi aikin rushe gidan ƙasa na mahaifinsa a cikin gari, a tayar da na siminti. Tsohon ya manyanta ƙwarai. A gidan aka yanke masa cibiya, a zaurensa ya yi ɗinkin hula har idonsa ya gaza. Bai so a taɓa gidan ba, amma soro na yoyo, azara ta fara lanƙwasa, ɗan kuma ya dage. Tun lokacin kaka ɗan kasuwar ya miƙa wa ɗan kwangila zanen gini da takardar fili, ya ce a fara da neman izini. Ya karɓa ya cusa a aljihun mota. Rani ya shigo yana can yana ƙarasa wasu shaguna, duk sanda aka yi masa waya sai ya ce, "Alhaji, takarda ai ba ta kwana. Ina da mutum a ciki."

Da bazara ta kama, ya zo ya ce a kwashe kaya. Babu inda za a kai tsohon sai gidan mijin 'yarsa. Tsoho ya riƙe hannun ɗan kwangila ya ce, "Ɗan nan, ni ko ruwa ban taɓa sha a gidan surukina ba, balle kwana. Yaushe zan dawo?" Ya ce, "Baba, kafin ruwan fari kana cikin ɗakinka." Leburori suka sa diga, gidan da ya ga kaka da kakanni ya koma tsibin ƙasa. Sai a sannan ya zaro takardun nan, sun yi ƙura sun nannaɗe, ya nufi ofis. Ya tarar da baƙuwar fuska a kan kujerar, abokin nasa an yi masa canjin wurin aiki tun da daɗewa. Sabon jami'in bai wulaƙanta shi ba. Ya nuna masa tarin waɗanda suka riga shi, ya kuma nuna masa cewa zauren da aka zana ya shiga hanya, sai an mayar wa mai zane ya gyara, sannan a sa ranar da za a zo a duba fili. Duk wannan aiki ne da zai shige cikin ranin da ya wuce ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Ɗan kwangila ya ce bari ya saci jiki ya fara. Ya haƙa rami, ya sauke bulo da yashi da siminti. Ma'aikatan ofishin suka zo suka shafa jan fenti, suka ce duk abin da ya ɗora za a ture. Ruwa kuma ya sauka. Ramin harsashi ya cika har kwaɗi suka tare a ciki, yashi ya bi kwata, siminti ya daskare a buhunsa ya zama dutse.

Tsoho kuwa yana can gidan suruki a takure. Ba a rage shi da komai ba, amma kunya ta hana shi sakewa. Ba ya cin abinci sai kaɗan, ba ya fitowa tsakar gida sai maigidan ya fita, ko tari ne sai ya danne shi da bakin riga. Da yamma yakan dogara sanda ya je kangon gidansa, ya zauna a kan bulo ɗaya, masu wucewa su gaishe shi a nan kamar dai zauren na tsaye. Ɗan kwangila ya daina bi ta unguwar. Cikin marka sanyi ya kama ƙirjin tsohon, ya kwanta, bai tashi ba. Ranar jana'iza mutanen da suka zo daga nesa suka nufi ƙofar da suka sani, suka tarar da rami cike da koren ruwa, sai maƙwabta ne ke nuna musu hanyar gidan suruki. A ƙofar wani aka sallace shi, a ƙofar wani aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Ba a tashi daga zaman makoki ba izini ya fito. Ɗan kwangila ya ɗauko takardar ya kai wa ɗan marigayin, ya durƙusa yana cewa gobe-goben nan za a fara. Mutumin ya daɗe yana kallon takardar bai miƙa hannu ba, sannan ya ce, "Wa za ka gina wa?" Ya koma Kudu bai sake waiwayar filin ba. Yau tafasa da ƙaya ne suka rufe wurin, awaki na kwana a kan bulon, kuma a unguwar nan ko katangar bayi ba mai ba ɗan kwangilar nan ya ɗora.

Ofis bai zalunce shi ba, damina ma ba ta yi sammako ba, kowanne a lokacinsa ya zo. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.