Sunan da Na'ura Ta Sani

"Sake dubawa, ɗiyata," in ji Mahfuzu, yana murza hularsa.

Zuhura, ma'aikaciyar asusun ba da rance na Buza, ta juyo mashi da ordinatar, na'urar da take aiki da ita. "Baba, babu komi a sunanka. Duk wanda ya taɓa cin bashi, nan ake ganin yadda ya biya. Kai ba ka taɓa ci ba."

"To, ba shi ne mutunci ba?"

"Mutunci ne, amma na'ura ba ta san ka ba. Sai ka kawo wanda ta sani ya tsaya maka."

Rance Mahfuzu ya zo nema. Injin ban ruwansa ya mutu, ga albasarsa can fadamar Tama tana yaushi. Ya ambaci liman, ya ambaci maigari, duk na'ura ba ta san su ba.

Sai Zuhura ta hango mai moton da ya kawo shi, zaune gindin itacen bedi. "Wancan ba Ɗangana ba ne? Bai taɓa makara da biya ba. Shi kam in ya sa hannu, an gama."

Ƙanen Mahfuzu ne. Bara Mahfuzu ya raba akushi da shi, ya faɗa gaban jama'a cewa cin bashin Ɗangana ya ɓata sunan gidansu.

Ya fita yana jan ƙafa, ya faɗi buƙatarsa ido a ƙasa.

Ɗangana ya miƙe. "Zan sa hannu, Yaya. Amma don Allah ka biya kan lokaci, kada ka ɓata mani suna."