Ba a Gwaji da Ƙanwata

"Ƙanwata ba ɓera ba ce da za ku yi gwaji da ita!" in ji Kawu, ya buga teburin likita.

Ita kuwa likitar cewa kawai ta yi suna gwada wani sabon magani mai tsayar da aman da allurar ciwon daji ke sa Mama, in ta yarda a sa ta ciki. Mama ta buɗe baki, Kawu ya riga ta. Shi ne dattijon coci, shi ke da kwat da Fijo. Ni kuwa leburan masaƙa ne kawai a Kakuri.

Daga ranar ɗakinmu ya koma shagon kwalabe. Saiwa daga Kakau, mai daga wani mai addu'a a Narayi, da wani baƙin ruwa mai warin kananzir da wani direban tanka ya kawo daga Rido. Kowanne sai Kawu ya ɗaga shi sama kamar ƙoƙon Jibin Ubangiji a coci, alhali ko shi bai san abin da ke ciki ba. Mama ta sha, ni in tara kwano. Ko kunu ya daina zama a cikinta.

Ranar Lahadi ya shigo da sabuwar kwalba, yana ta ƙamshin turare.

"Tashi, mu gwada wannan."

Mama ta goge baki da gefen zane, ta dube shi.

"Yaya, ita dai likitar nan, sai da ta tambaye ni."