Kakanni a Hawa na Goma Sha Huɗu

Surukata ta ɗaga jaririyarmu a bakin taga, a hawa na goma sha huɗu a garin Vénissieux na Faransa, ta fara kiran kakanninta. Jiya ta sauka daga Afirka ta Kudu, kuma tun a filin jirgi ta gyara mini kuskuren shekara shida: harshen Xhosa suke yi, amma su Mpondo ne.

Tana jero sunaye, falon yana cika. Na ji ƙamshin teku, na ga shanu suna ratsa labule.

Sai ta juyo gare ni. Matata ta fassara: "Saura naka. Ɗiya ta gidan uba ce. In ba a kira su ba, ba za su san ta ba."

Digirina uku, amma daga kakana ban san kowa ba. Na kira Gwaggo a Tibiri ta waya.

"Gwaggo, ina wuni. Mu Hausawa, daga wa muka fara?"

Ta yi dariya har da tari. "Hausawa? Kai Bagobiri, ba ka taɓa duban tsagen kumatun ubanka ba?"

Na shafa nawa, sumul.

Ta ce, "Sa wa yarinyar wayar a kunne."