Kuloci Mai Laushi

"Taka, Baba! Riƙe! To, saki."

Muryar ɗansa ce daga ƙarƙashin mota. Tsohon ya sake taka kuloci, gwiwar hagu na masa zogi, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Tun yana saurayi a Detroit yake tuƙa Mustang ɗin nan, har ranar da gwiwa ta kasa danne sandunan ƙarfen kulocinta. Shekara uku tana lulluɓe a gareji. Sai ga ɗan da kansa, wai a cire ƙarafan nan a sa na zamani mai aiki da mai.

Asabar uku suna fama. Yau saura fitar da iska daga bututu, aikin da sai mutum biyu: ɗaya na takawa, ɗaya na kwance noti.

Can ƙafarsa ta nutse kamar ya taka auduga.

"Kai, ɗan nema! Ko kakarka sai ta tuƙa wannan!" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Sai dai matakin ya taso da yawa, gwiwata na dukan sitiyari. Sauke shi."

Ɗan ya ce a hankali: "Haka mutumin ya ce a bar shi. Gajere ne."

"Wane mutum?"

Tsohon ya ɗaga kai. A madubi ya hango motar ɗaukar motoci tana shigowa da baya. Nan ya tuna takardun da ya sa wa hannu a gadon asibiti, ɗan nan na tallafe da hannunsa. Ashe na sayar da motar ne.

Har yanzu ƙafarsa na danne da kulocin.

Daga ƙasa muryar ta ce, "Saki, Baba."