Muryar da Ba Ta Numfashi

Tun da Yaya ta bar gidan, babu mai yi wa Umma mita a kan maganin hawan jini. Abin da ya rage shi ne saƙon murya da ke shigowa wayarta kullum da safe, kafin ta hau keken ɗinki: "Umma, kin karya? To a sha magani, ban da wayo." Sai ta yi murmushi ta haɗiye ƙwayar. Auta kuwa yana gefe yana ɗaura takalmi, yana satar kallonta.

Rannan tana tsakiyar haɗa hannun wata riga aka kira ta daga makarantar Auta, wai ta zo yanzu. Ko zaren da ya maƙale a mayafinta ba ta tsaya cirewa ba.

A ɗakin kwamfuta ta same su. Auta na tsaye, kai a sunkuye. Malamin da ke koya musu gane labaran ƙarya ya ba ta kujera, ya fara da yabo. Ya ce duk ajin babu kamar yaron nan wajen gane hoton bogi da muryar da na'ura ta kwaikwaya. Shi ne ma ya fara lura cewa irin wannan murya ba ta jan numfashi tsakanin kalmomi. Amma ga shi mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. An gano yana fakewa lokacin hutun tara, yana haɗa muryar wata budurwa da kwamfutar makaranta, yana sa ta faɗin abin da ba ta faɗa ba.

Dokar farko da ya koya musu, in ji malamin, ita ce murya amana ce, ba a taɓa ta mutum sai da izininsa. An tambayi yaron ta wace ce, ya ƙi magana. Don haka an goge komai, shi kuma an dakatar da shi, har sai mai muryar ta zo da ƙafarta ta ce ta yafe.

"Komai da komai aka goge, Malam?" Umma ta tambaya.

Ya ce ko burbushi ba a bari ba.

Ta roƙe shi ya karɓi yafiyar daga bakinta. Ya ce haƙƙin ba nata ba ne. Gaskiya malamin ya faɗa, sai ta miƙe suka fito.

A hanya Auta ya yi ta jiran faɗa. Da shirun ya ishe shi ya ce, "Umma, ki doke ni mana." Ta kakkaɓe masa ƙurar kafaɗa kawai, ta ce ya riƙe mata jaka.

Washegari ta ɗora wayar a kan keken ɗinki. Rana ta ɗaga, wayar ba ta yi ƙara ba. Auta ya kawo ruwa da ƙwayar a tafin hannunsa, ya miƙa mata. Ta karɓa ta sha don shi, kamar yadda ta saba, domin tun saƙon farko ta gane aikinsa ne. Uwar da ta goyi 'ya ba ta manta yadda take numfashi.

Ni mahaifinsu ne, karatuna bai kai in san yadda ake dawo da abin da aka goge ba. Malam yana can yana jiran mai murya ta zo ta yafe. Ku taya mu roƙon Allah ya haskaka kabarinta, don tun bara muka rufe Yaya.