Busa Mai Lamba Tara

Farfesa ya shigo ɗakin jarrabawa yana huci, ya dangwarar da akwatin ƙahonsa a kan tebur, ƙahon da ya girmi rabin malaman sashen kiɗa. Shekara talatin da huɗu yana koyar da busa a jami'ar nan, amma wai shi za a aiko wa takarda a ce ya fara tunanin ritaya. Kuma wa ya sa hannu? Shugabar sashe, yarinyar da shi ya koya wa riƙe numfashi.

Ya riga ya faɗa mata a gaban kowa cewa takarda ba za ta tashe shi ba. Ranar da kunnensa ya ji busarsa ta lalace, shi da kansa zai ajiye mukullin ofis. Kafin nan, kowa ya kama kansa.

Ƙa'idar sashen ita ce a naɗi busar ɗalibai, a ba kowace busa lamba, kada mai ba da maki ya san mai ita. Shi ya kafa ƙa'idar, don ya tsani alfarma. Yau shi ne mai ba da makin. Shugabar ta zauna gefe tana kunna masa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya, ko kallonta bai yi ba.

Takwas suka wuce, ba yabo ba fallasa. Ta tara ta soma da gyaran murya, ana jin ƙarar tsohuwar fankar ajinsa. Sai busa.

Tun daga farko ransa ya ɓaci. Numfashi gajere, leɓe ya saki, maɓallin tsakiya yana maƙalewa irin na ƙahon da ya tsufa. Da aka zo hawa sama, sautin ya karye kamar carar zakara mai mura. Abin da ya fi ƙona masa rai, mai busar ya kwashe salonsa kaf, har 'yar karkarwar da yake ƙawata ƙarshen busa da ita. A sace maka salo, kuma a wulaƙanta shi!

Ya buga tebur ya ce a tsayar. Ya zazzaga faɗa, ya ce wannan zubar masa da mutunci ne.

"Malam, ko a sake saurara?" ta tambaya a hankali.

"Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba, 'yar nan. Mai wannan busa ya ajiye ƙaho yau, ya daina wahalar da mutane."

Ya rubuta sifili, ya sa hannu har biro ya huda takardar.

Ta daɗe tana kallon sa hannun, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ai saura kaɗan, kuma ƙa'idarsa ce a saurara har ƙarshe. Ta danna.

Busar ta ƙare da kyar. Fankar ta ci gaba da ƙara. Sannan muryarsa ta fito daga na'urar, cike da isa: "Kun ji ko? Haka nake so ku busa ta ranar jarrabawa."