Na'urar Cadawa

Ƙarfe goma sha ɗaya wuta ta ɗauke a buron ƙungiyar manoma na Agiye, Zakiyya ko a jikinta. Ai don irin wannan rana ta yi wata guda tana wahala.

Bara ma haka aka yi. Manoma na tsakar cike rajistar irin gero ta waya, na'ura ta mutu, duk abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwa ya bi ruwa. Kafin a sake farawa Maradi ta rufe rajista, mutum ɗari uku suka yi shuka da tsohon iri. Zagin da Zakiyya ta sha, ita da ke kula da shafin rajistar a intanet, har yau yana mata zafi.

Shi ya sa bana ta kafa na'ura biyu, ɗaya a Agiye, ɗaya a Cadawa kan wutar hasken rana. Duk wanda ya shiga shafin, abin da ta farko ta riƙe sai ta biyu ta kwafe nan take. In ɗaya ta faɗi, ɗaya ta ɗauka. Ranar Alhamis ta gwada har sau uku, sannan ta damƙa ta Cadawa ga Malam Jika magajin sito, dattijon da a shekara ashirin ko ƙwayar hatsi ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

"Baba, wannan rumbun tsimi ne," ta ce masa. Ya gyaɗa kai, ya roƙe ta ta bar masa kwalin na'urar.

Yau kuwa, wuta na ɗaukewa sai ga waya ta fara ruri. Daga Gazawa, daga Cadakori, kowa shafin ya koro shi waje, ga shi ƙarfe huɗu za a rufe. Ranta ya ɓaci. Ta kira Harouna mai haɗa rezo, wato layin intanet, ta wanke shi tas, ta ce ko dai aikin banza ya yi ko ya sayar da waya. Ya rantse, ta kashe. Lambar Malam Jika kuwa ba ta shiga, Litinin ce, yana kasuwa.

Ta faɗa mota tana ƙwafa, duk hanya tana zargin sata aka yi, tana tsine wa ɓarawon da ba ta sani ba. A Cadawa ta tarar da batura cike fal, teburin da ta ɗora na'urar kuma wayam.

Ƙarfe uku da rabi aka nemo Malam Jika. Ya zo da fara'arsa, ya zaro makulli daga wuya, ya buɗe ƙuryar sito. Can saman buhuna ga na'urar cikin kwalinta, an naɗe da tabarma, an ɗaure tam da igiya.

"Ga amanarki nan, ɗiyata," ya ce. "Tun ran da kika tahi na rufe ta, ai ba a buɗe rumbun tsimi sai rumbun ci ya ƙare."